Alhaji Umaru Karaci: malamin da ba ya sayen goro sai ya kwance huhu

Daga nan Tamale zuwa Salaga tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce. Wanda ya je yau zai tarar da gari mai shiru, ga tsofaffin rijiyoyi birjik, ga filin da ake nuna wa baƙi a ce nan ne kasuwar bayi ta dā. In ba an gaya maka ba, ba za ka taɓa cewa nan ne Gwanjan da fataken Kano da Katsina suke kwashe watanni a hanya don su iso ba. A wannan garin ne wani malami Bakano ya zauna har yaƙi ya tashe shi, ya gangara kudu zuwa bakin kogin Volta, ya ƙare rayuwarsa a can a shekarar 1934. Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. Wasu na ce masa Malam Umaru Salaga, wasu Alhaji Umaru Karaci, a littattafan Turawa kuma za ka gan shi da sunan Imam Imoru.

Yawancinmu 'yan zango sunan kawai muka sani, in ma mun sani ɗin. Wanda ya ɗan ƙara sani zai ce ai mawaƙi ne, ko kuwa limamin Kete-Krachi ne. Duka gaskiya ne. Amma abin da ya sa na ɗauko tarihinsa wani hali ne guda da nake gani yana bin rubuce-rubucensa tun daga ƙuruciya har tsufa: mutumin nan ba ya karɓar abu a ƙunshe. Sai ya kwance shi, ya ga abin da ke ciki, ya tambayi daga ina ya faro, sannan ya yanke hukunci. A zamanin nan ana ta yayata wannan a matsayin sabuwar dabarar injiniyoyi da manyan 'yan kasuwa, wai ka warware matsala har ka kai ga abin da ka tabbatar da shi, daga can ka sake gini. Malamanmu kuwa tun tuni suna raba asali da reshe. Shi Malam Umaru bai raɗa wa abin wani suna ba. Yin sa kawai ya yi.

An haife shi a Kano wajen 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a rubuce yake jingina kansa ga Kabi da Kano da Salaga gaba ɗaya. Mahaifinsa falke ne mai fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A lokacin goro a dajin Asante yake fitowa, a kawo shi Salaga, ayarin Hausawa su zo da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi su saya, su ɗora wa jakuna da 'yan alaro, su bi ta Yendi da Sansanne Mango da ƙasar Bargu, su ƙetare Kwara, har Kano. Madugu na gaba yana shirya fito da sarakunan hanya, ana zango ana tashi. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano yana yaro, ya ci gaba da karatun ilimi a wajen Sakkwato da Gwandu, kuma a tsakanin haka yana bin ayari. Kafin ya zama malamin da ake zuwa wurinsa, ya riga ya taka ƙasashen Zabarmawa da Mosawa da Gurunsawa da Dagomba da ƙafarsa.

A nan zan ɗan tsaya, don ina ganin wanda bai san goro ba ba zai gane mutumin ba. Goro kaya ne mai rai. Ba a ɗaure shi a Salaga a ce sai Kano za a buɗe. Kowane 'yan kwanaki sai an sauke, an kwance, an zazzage, an bi shi ɗaya-ɗaya, a tsame mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Wanda ya yi ƙyuya ya dogara da kyan ganyen waje, to ranar da ya isa kasuwa zai buɗe ya tarar da jarinsa ya zama shara. Yaron da ya tashi a cikin wannan sana'a ya san cewa huhu daban, goro daban. Wannan fassarata ce, ba na jingina masa ita. Sai dai duk inda na bi shi a rayuwarsa, hannun ɗan goron nan nake gani.

Littafinsa na farko da aka sani ya rubuta shi a 1877, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka. Da Larabci ne, kuma ba a kan tauhidi ko nahawu ba, inda kowane matashin malami ke son ya nuna bajinta. A kan yadda ake rubuta wasiƙa ne. Ka duba fa. Falke na bukatar ya aika saƙo ga abokin cinikinsa, sarki na bukatar ya rubuta wa sarki, ɗalibi ga malaminsa, kuma kowace da irin buɗewarta da irin girmamawarta. Ya dubi abin da mutanen da ke kewaye da shi suke fama da shi kullum, ya tsara musu ƙa'ida da misalai. Daga baya an buga littafin a Alƙahira, ya yi ta yawo a hannun malaman Afirka ta Yamma.

Salagar da ya zauna a cikinta ba ita ce ta zamanin kakanni ba. Tun 1874, da sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta, Gwanjawa suka yar da ikon Asante, su kuma Asantawa suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Garin na cikin wannan rauni sai rigimar sarauta ta ɓarke a Kpembe, mazaunin sarakunan da ke riƙe da Salaga. A 1892 Kabachewura Isifa ya tashi da taimakon Dagomba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo daga kan fata. Kasuwa ta watse. Malamai da fatake suka bazu, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete, wasu har Kumasi da Accra. Zanguna da yawa na kudancin Ghana daga wannan watsewa suka samu manyan gidajensu, kuma akwai masu karanta wannan shafi da kakanninsu ke cikin waɗanda suka ɗauki kaya a ka a shekarar nan.

Mutumin da aka kora daga gidansa, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya nemi wanda zai zaga. Ga sarakuna, ga mayaƙan da aka gayyato daga waje, ga Turawa da ke leƙe ta kowane gefe. Da Malam Umaru ya zo rubuta waƙarsa ta Larabci a kan faɗuwar Salaga, bai tsaya a ranar yaƙin ba. Ya koma baya ya tambayi wane irin gari ne yaƙin ya tarar. Ya kawo lalacewar hali da zalunci da sakaci da addini a tsakanin mutanen garin kansu, wato jama'arsa, waɗanda zai haɗu da su a masallaci gobe. Mutum na iya cewa ai duk malamai haka suke, kowace masifa sai su ce zunubi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma bambancinsa shi ne ya haɗa wa'azin da labarin abin da ya faru, wa ya yi me, me ya biyo baya, har masu tarihi na yau suna dogara da waƙar don su gane yaƙin.

A Salaga ne kuma ya fara hulɗa da Bature. Wani Bajamushe ne mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, mai yawo ba bindiga, mai jin Hausa, yana tara rubuce-rubucen ajami. Wannan sanayya ta buɗe wata ƙofa da za ta yi tasiri a sauran rayuwarsa.

Bayan yaƙin ya koma Kete, zangon fatake da ke gefen garin Krachi, inda tsafin Dente yake da ƙarfi, inda kuma Jamusawa suka kafa bariki a 1894. Ana ba da labari cewa da aka yi jayayya a kan limanci tsakaninsa da wani malami da ya riga shi zama, jami'in Jamus da ke wurin bai tsaya tambayar wa ya fi daɗewa ko wa ya fi dangi ba. Littafin Larabci mai wuya ya ajiye a gabansu ya ce kowa ya karanta, Malam Umaru ya karanta, aka ba shi. Abin takaici ne a ce sai da baƙo wanda ba Musulmi ba ya raba gardamar limanci. Amma ma'aunin da aka yi amfani da shi, wato a buɗe a gani, shi ne ma'aunin da shi kansa yake auna komai da shi.

Babbar jarrabawar zamaninsa ita ce zuwan Nasara. A cikin shekaru kaɗan duniyar da ya sani ta ruguje yana kallo. A 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo. A 1898 Faransawa suka kama Samori. A 1899 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka raba yankin nan, layin ya ratsa tsakiyar Dagbon, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammaci ya faɗa hannun Ingila. A 1903 Kano, garin haihuwarsa, ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Ya rubuta waƙoƙi a kan wannan, biyu da Larabci a wajen 1899 da 1900, sannan da Hausa bayan faɗuwar Sakkwato.

Na farkon cike suke da ɗaci. Ya nuna yadda baƙin suka shigo da lallami, da sunan ciniki da zaman lafiya da gyara, mutane suka karɓe su, ashe mulki suke nema. Ya jera garuruwa da ƙasashen da suka faɗa hannunsu, suna bayan suna, kamar falke na ƙirga asararsa. Wannan jerin ya fi kama hankalina fiye da kukan. A lokacin kowane gari na ganin masifar tasa ce shi kaɗai, Dagomba na ganin nasu, Kanawa na ganin nasu. Shi da ya yi yawo ya gane abu ɗaya ne ke cin kowa daga bakin teku har hamada, ya ajiye shi a takarda yadda mai karatu zai ga girman abin.

Daga baya muryarsa ta sauya. A waƙoƙin Hausa ya fi mai da hankali ga ƙarfin da ba a iya tarewa, yadda sarakuna masu dawaki dubbai suka watse a gaban 'yan sojoji kaɗan masu bindigar zamani, har ya ambaci cewa hanyoyi sun yi lafiya, fashi da harin bayi sun ragu. Wasu na karanta wannan su ce malam ya sallama, ya ci abincin Bature ya yi laushi. Ban ce babu abin dubawa a zargin ba, don limancinsa a ƙarƙashin ikon Jamus yake. Amma ni abin da na gani shi ne mutum wanda ya ƙi yi wa kansa ƙarya sau biyu. Da farko ya ƙi yarda cewa ciniki ya kawo su. Daga baya ya ƙi yarda cewa layu da kirari za su kore su, ya kuma ƙi ɓoye cewa mulkin sarakunan da suka faɗi yana da nasa zalunci wanda talaka ya ji sauƙin rabuwa da shi. Gaskiya ta biyun ta fi ta farkon wuyar faɗa a gaban 'yan uwa. Har yau ma haka ne.

Aikinsa da na fi so a san shi da shi kuwa ba waƙa ba ne. A Kete-Krachi ya haɗu da Adam Mischlich, wanda ya zo a matsayin ɗan mishan na Basel, daga baya ya zama jami'in mulkin Jamus, mutumin da ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya kuma roƙe shi ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take. Malam Umaru ya zauna ya rubuta shafuka masu yawa da ajami, a zube, ba a waƙe ba. A lokacin wannan baƙon abu ne. Larabci ake rubuta ilimi da shi, Hausa kuwa in an rubuta ta, waƙar wa'azi ce. A ce malami ya ɗauki alƙalami ya bayyana da Hausa yadda ake noma, yadda auduga ke tashi daga gona ta bi ta hannun mai kaɗi da masaƙi da marini har ta zama riga, yadda maƙeri da majemi ke aiki, yadda ake ciniki a kasuwa, yadda ake aure da suna da biki, yadda sarauta ke tafiya, da tarihin Kabi da sauran ƙasashe, wannan ba a saba gani ba.

Ka gwada da kanka ka ji wuyar abin. Ɗauki abin da kake yi kullum, ko dafa waakye ne ko ɗinkin riga, ka bayyana wa wanda bai taɓa gani ba, daga farko, ba tare da ka ce ai ka sani ba. Nan take za ka gane rabin abin da kake zaton ka sani, sabo ne kawai. Baƙon da ba ya jin kunyar tambayar me ya sa, shi ne ya tilasta wa malam ya kwance al'adarsa ɗaya-ɗaya kamar goro, shi kuma ya iya, don tun a hanyar Gwanja ido yake sa wa abubuwa. Yau duk mai son ya san yadda talakan ƙasar Hausa ya rayu kafin Turawa, ba sarki ko waziri ba, da wuya ya wuce rubutun nan. Wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya fassara babban kaso zuwa Turanci a 1973, masanin Hausa na ƙasar Poland Stanisław Piłaszewicz kuma ya buga wani kaso da Hausarsa a shekarar 2000.

Akwai inuwa a nan, kuma ba zan tsallake ta ba. Mischlich ma'aikacin mulkin mallaka ne, ilimin da ya tara don amfanin mulkin ne, kuma sunansa ne ya hau bangon littattafan, na malam ya koma ciki. Sannan a cikin abubuwan da Malam Umaru ya bayyana har da bauta, a matsayin wani ɓangare na zaman duniyar da ya sani. Mu da ke zaune a arewacin Ghana, muna makwabtaka da jikokin waɗanda aka kora zuwa kasuwar Salaga a ɗaure, ba za mu karanta wannan hankali kwance ba. Kowane mai tono yana da inda fartanyarsa ta tsaya. Sai dai rubutun nasa na cikin shaidun da ake kafa hujja da su yau a kan yadda abin ya kasance, don bai yi masa kwalliya ba.

Wajen 1904 zuwa 1905 wata guguwa ta ratsa yankin nan. Masu wa'azi suka ɓullo suna shelar cewa zuwan Mahadi ya yi kusa, cikinsu har da wani mai suna Musa. Kada a rikita shi da Malam Musa Bajamushe na Salaga, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ka tuna halin da mutane ke ciki: Sakkwato ta faɗi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, zukata a karye, kowa na jiran wani ya zo ya ce ga mafita. Jama'a suka yi ta tururuwa. Malamin da ke son farin jini a irin wannan lokaci, ko ya bi, ko ya yi shiru. Malam Umaru ya rubuta waƙa da Larabci ya ce mutumin mayaudari ne. Bai auna shi da yawan mabiya ba, bai auna shi da daɗin murya ko yawan kuka a wurin wa'azi ba. Ya ɗora da'awarsa da aikinsa a kan abin da ke cikin littafi, ya ga ba su hau ba, ya faɗa.

Duk lokacin da saƙon murya ya shigo wayata an ce a tura wa mutum goma, ko aka zo unguwa da wata harkar zuba kuɗi wai za su ninka cikin wata guda, ko wani sabon mai magani ya sauka da lasifika, wannan waƙar nake tunawa. Tambayoyin ba su canja ba: wa ya faɗa, a ina ya samo, ribar daga ina take fitowa, wa ya gani da idonsa. Kuma har yau mai yin su shi ake wa kallon mai taurin kai.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar 'yan boko ce aka lanƙaya wa malamin zaure. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, wanda littattafansa ke cikin buhunan malamanmu, ya ba da labarin yadda ya lura cewa yaro na tashi ne a kan abin da ya tarar iyayensa na yi, sai ya ƙudura ya binciki duk abin da ya gada har ya ga wanne ne tabbas. Har idonsa ya tuhuma, don ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take. A 1095 ya ajiye kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza saboda ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne. Malam Umaru bai yi irin wannan ficewa ba, ba kuma masanin falsafa ba ne. Nasa tonon a kasuwa ya yi shi, da bakin marina, da zauren sarki. Amma gidan ɗaya ne.

A cikin waƙoƙinsa na Hausa akwai wadda ta fi yawo a bakin mutane, ta talauci da wadata. A ciki ya ɗauki abin da kowa ke gani amma ba a faɗa: yadda ake yi wa matalauci a taro, maganarsa ba ta da nauyi ko da gaskiya ce, danginsa na gudunsa, laifin da bai yi ba a ɗora masa, mai dukiya kuwa ko ya yi shirme a ce hikima ce. Al'umma na cewa tana girmama asali da ilimi da tsoron Allah. Shi ya kwance ƙunshin girmamawar ya leƙa, ya tarar sau da yawa kuɗi ne a ciki. Da ban dariya a waƙar, irin dariyar da kake yi kana jin kunya, don ka gane kanka a cikin masu tashi tsaye in alhaji ya shigo.

Sai batun koyarwa, wanda shi ne ainihin sana'arsa. Ɗalibai sun yi ta zuwa Kete daga zanguna na nesa, suka koma suka zama limamai da malamai a garuruwansu, har silsilar karatun gidaje da yawa a Ghana tana komawa gare shi. Cikin abin da ya bari akwai fassarar waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Wanda ya yi karatun lugga ya san waƙoƙin nan na jahiliyya, Larabci ne mai tauri wanda ɗalibi kan haddace ya rera shekara da shekaru bai san me yake cewa ba. Malam ya mai da su harshen da ɗalibin ke mafarki da shi. R. S. Rattray, jami'in Ingila mai binciken al'adu, ya buga wani ɓangare na fassarar a 1934.

Wannan ya taɓa ni a matsayina na mai riƙe alli. Yaranmu da safe suna haddace ma'anar kalmomin kimiyya da Turanci, da yamma suna haddace matani da Larabci, a gida kuma Hausa ko Dagbanli suke yi. Na sha tambayar yaro abin da ya rubuta daidai a jarrabawa, in ce to faɗa mini da Hausa, sai ya tsaya yana kallona. Ba laifinsa ba ne. Huhu muka ba shi muka ce ya riƙe da kyau, ba mu taɓa cewa ya kwance ba. Malamin da ya rasu shekara casa'in da suka wuce ya riga ya gane cewa abin da ba ka iya faɗa da harshen uwarka ba, ajiya ce kake yi wa wani.

A 1913 ya tafi aikin hajji, ya daɗe a hanya da can, yaƙin duniya na farko ya same shi a waje. Kafin ya dawo, wajen 1918, Jamusawan da ya bari sun tafi, don tun watan Agustan 1914 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Togo, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Masu mulkin da ake ganin ba mai iya motsa su, shekara ashirin kawai suka yi a garin. A shekarar da ya dawo kuma annobar mura ta sauka daga jiragen ruwa a bakin teku, ta hau arewa, ta kashe mutanen da masu bincike suka ƙiyasta sun kai dubu ɗari a ƙasar nan. Ya rubuta waƙa a kanta da Larabci, ya sa mata sunan da Hausawa suka ba ciwon, Tunkuyau. Ko a nan, a tsakiyar makoki, bai bar halinsa ba: ya bi alamomin ciwon yadda yake kama jiki, sannan ya yi addu'a. A shekarun ƙarshe ya binne ɗansa Alhaji Labbo, wanda ya yi wa marsiyya, ya ci gaba da limanci da karantarwa har ƙarfinsa ya ƙare.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, aka binne shi a can. Bayan shekara talatin aka gama madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Volta ya cika, aka tashi mutane wajen dubu tamanin daga garuruwansu, tsohon garin Kete-Krachi na cikin waɗanda ruwa ya shanye. Garin da ke wurin yanzu sabo ne, a kan tudu. A daidai waɗannan shekaru ne ma'aikatan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin da Alhaji Usmanu Boyo, suka bi gidajen malamai daga zango zuwa zango suna aron takardu suna ɗaukar hotonsu suna mayarwa. A gida bayan gida, daga arewa har bakin teku, in aka kwance gafaka sai a tarar da waƙar Alhaji Umaru a ciki, wani ɗalibi ya kwafa daga wani ɗalibi. Kwafin suna nan a Legon, wasu da Larabci, wasu da Hausar ajami, irin baƙaƙen da yaron da ya yi allo a Kasalgu zai iya haɗawa in an zaunar da shi an nuna masa.